Katin Abincin Cokali

Tun yana ƙarami ake kiransa Cokali, saboda a lokacin yana yawo da cokali a aljihun wando, ko Allah zai sa ya faɗa gidan da aka sauke tukunya. Ya girma ya daina yawo da shi, amma sunan ya zauna daram, cin kuma bai ragu ba. Shi ne autan gidan. Babbar yayarsa tela ce, tana da shago a titin da ya bi ta bayan kasuwa, ita da wata ƙawarta suke raba haya, kuma tun da ciwon baya ya sauke Baba daga tuƙin babbar mota, ita take ɗauke da karatun yaron. Kowa a gidan Yaya yake ce mata, har Mama.

Da Cokali ya samu gurbin karatun injiniya a wata jami'a mai nisan tafiyar 'yan awanni, gida ya kaure da murna. Ba a gama murnar ba ya shigo falo da waya a hannu, yana sosa ƙeya. Ya ce akwai sauran abu guda: duk ɗan aji ɗaya da zai zauna a ɗakin kwanan ɗalibai dole ya sayi tsarin cin abinci na makaranta, don an hana girki a ɗaki.

"To a saya mana," in ji Mama. "Abinci ne fa, ba kayan ƙawa ba."

"Iri uku ne, Mama. Sai an zaɓa."

"Karanto mu ji."

"Akwai Zinariya, akwai Azurfa, akwai Tagulla."

Baba ya rage ƙarar rediyo. "Abinci za ka je ci ko gasar tsere?"

Cokali ya ci gaba da karantawa. Zinariya, shiga ba iyaka. Azurfa, shiga goma sha huɗu a mako, da ɗan maki. Tagulla, maki zalla.

"Shiga ina?" Yaya ta tambaya. Tana zaune a ƙasa tana warware kalmasar wani siket da ta taho da shi daga shago.

"Ina jin ɗakin cin abincin."

"Makin fa?" in ji Mama. "Jarrabawa ake yi wa mutum kafin a zuba masa?"

"Ban sani ba."

"Kai da za ka zama injiniya."

Yaya ta karɓi wayar. Rubutun ƙanana ne kamar sahun tururuwa. Ta taɓa inda aka ce ƙarin bayani, ya kai ta wani shafi mai hoton ɗalibai suna ta dariya a gaban farantin ganye. A ƙasan hoton an ce domin ƙarin bayani a koma shafin farko. Ta kira lambar ofishin da tata wayar. Aka sa mata kiɗa, wata murya tana ta gaya mata kiranta yana da muhimmanci, har kuɗin wayarta ya ƙare.

Baba ya ce a ɗauki Tagulla a huta, tunda ita ce mai araha. Shi da yake kan hanya, burodi da ruwan shayi suke kai shi su dawo da shi, bai mutu ba. Mama ta ce shi ya sa duk dawowa sai an ƙara wa bel ɗinsa huda, kuma ɗanta ba direba ba ne, da ƙwaƙwalwa zai yi aiki, Zinariya za a saya ko da za ta sayar da ta kunnenta. Suka yi ta yi. Babu wanda ya tambayi mai biyan kuɗin. Yaya ta naɗe siket ɗinta ta ce ranar rajista za ta raka shi, ta ji daga bakin mutum mai rai.

Ofishin abincin wani ɗan ɗaki ne a ƙarƙashin matakalar babban ɗakin cin abinci, da tagar gilashi mai huda a tsakiya. Layi ya kai har waje, iyaye da 'ya'ya, kowa da akwati a gefen ƙafa. Da suka iso gaba, suka tarar da wani ma'aikaci da ya juya fanka tana kallonsa shi kaɗai. Daga ganin fuskarsa ya gaji da maimaita magana ɗaya tun safe.

Ya yi bayani cikin sauri, idonsa a kan kwamfuta. Shiga ita ce duk lokacin da ɗalibi ya sa katinsa a na'urar ƙofar babban ɗaki. In ya shiga, ya ci iya cikinsa. Maki kuwa kamar kuɗi ne a cikin katin, ana kashe shi a ƙananan kantunan makaranta.

"In bai cinye sha huɗun nan a mako ba fa?" Yaya ta tambaya, ta kusanto da bakinta hudar gilashin.

"Sun mutu."

"Su wa suka mutu?"

"Shigar da ta rage. Duk ƙarshen mako suke mutuwa."

"Makin fa?"

"Shi sai ƙarshen zango yake mutuwa."

"To ku a nan komai mutuwa yake yi? Kuɗin da na biya shi ma ya mutu ke nan?"

"Hajiya, akwai mutane a bayanki."

Ta waiga. Da gaske akwai, kuma wani dattijo mai tabarau har ya fara tsaki. Ta dubi Cokali, shi kuma hankalinsa yana can ƙofar ɗakin cin abincin, inda ƙamshin soyayyar albasa yake fitowa.

"Malam, tambaya ɗaya zan yi maka. Ka ga yaron nan? Wanne zan saya masa wanda ba zai taɓa kira na ya ce yana jin yunwa ba?"

Ma'aikacin ya ɗago ya ƙare wa Cokali kallo, daga takalmi har ka. "Zinariya."

Ya ƙara da cewa duk mai son canji yana da makonni biyun farko, bayan nan an rufe. Bai tambayi abin da yaron zai karanta ba, ita ma bai faɗo mata ta faɗa ba. Ta biya, zuciyarta tana zafi, aka ɗauki hoton Cokali aka manna a kati mai ruwan gwal. A motar komawa gida ta lallashi kanta da cewa aƙalla wannan babin ta rufe shi.

Wata guda da 'yan kai bayan nan, tana tsaye a teburin yanka da almakashi a hannu. Ta karɓi aikin kayan makaranta na wata firamare, yadi shuɗi ya cika shagon har kan kujerar baƙi. Wayarta ta yi ƙara.

"Yaya, ina wuni. Ya aiki? Ya su Mama?"

Da ta ji gaisuwar ta yi tsawo ta san da magana. "Faɗi abin da ke tafe da kai."

"Ko za ki ɗan turo min wani abu?"

"Littafi aka ce ku saya?"

"A'a. Na abinci."

Ta ajiye almakashin a hankali, don kada ta yanka abin da ba shi ba. "Sake faɗa."

Sai ga zance ya fito, guntu-guntu, sai ta ja sannan ya saki. Makonnin farko duk a tsohon matsugunin jami'ar aka yi musu lakca, dab da ɗakin cin abinci, ya ci ya sha har wandonsa ya fara kama shi. Daga baya aka mayar da su aikin hannu a ɗakunan injuna, su kuma suna sabon matsuguni, can bayan gari. Bas ɗin makaranta tana tashi da su kafin a buɗe ƙofar karin kumallo. In ta dawo da su da yamma, ga cunkoson hanya, sai su tarar an kifa kujeru a kan tebura ana goge ƙasa. A can sabon wurin kanti ɗaya ne, kuma maki yake karɓa.

"To ka ba su makin mana!"

"Zinariya ba ta da maki, Yaya. In an sa katina a na'urarsu sai ta yi ƙara ta nuna ja. Har mai kantin ta gane ni, in ta hango ni sai ta girgiza kai tun daga nesa."

"Duk kwanakin nan me kake ci?"

"Biskit. Abokaina kuma suna ɗan gutsura min. Ƙarshen mako sai in rama."

"Me ya hana ka faɗa tun da wuri?"

"Lokacin da aka fara kai mu can an riga an rufe canji. Na ga kin kashe kuɗi da yawa, sai na ce bari in daure."

Wannan ce ta hana ta zazzaga masa abin da ya taru a bakinta. Ta tura masa ɗan abin da zai riƙe shi, ta zauna a kan tulin yadi ta dafe kai. Wato ta sayi mafi tsada a cikin ukun domin yaro ya riƙa cin biskit.

A gida Baba ya ji daɗin labarin fiye da yadda ya kamata. "Ban faɗa ba? Tagulla! Maki zalla! Da an bi tawa da yanzu yana can yana ci." Ya manta sarai cewa ranar bai san mene ne maki ba. Mama kuwa kuka ta sa, ta ce ita za ta riƙa dafawa tana ba direbobin tasha su kai masa. Yaya ta ce kafin ya isa ya lalace, kuma kowa ya yi mata shiru don Allah. Washegari ta bar wa ƙawarta shago da rigunan da ba a haɗa hannuwansu ba, ta kama hanya.

Ma'aikacin tagar gilashi yana nan da fankarsa. Ya saurare ta har ƙarshe, ya ce an rufe, ba daga shi ba ne, kwamfuta ce ba za ta karɓa ba. Ta je sashen kuɗi. A sashen kuɗi ta samu wata mata tana cin shinkafa a kan teburin aiki. Matar ta rufe kwanon da fayil, ta ce su karɓa kawai suke yi, ba ruwansu da abin da aka saya, ta je ofishin kula da ɗalibai. Ofishin kula da ɗalibai yana hawa na sama, lif kuma ya lalace. A can wani mutum mai fara'a ya ba ta kujera, ya jajanta mata sosai, ya ce shi ma yana da ƙanne, sannan ya ce abincin ba a hannun jami'a yake ba, wani kamfani aka ba kwangila.

"Ina kamfanin yake?"

"Manajarsu tana bayan kicin."

"Wane kicin?"

"Na babban ɗakin cin abinci."

"Wanda na fito daga ƙarƙashin matakalarsa da safe?"

"Shi fa."

Tana saukowa mai makarantar firamaren ya kira yana tambayar kayansa. Ta ce masa saura guga. Ƙawarta ma ta kira tana neman inda ta ajiye maɓallai. Ta gaya mata, da muryar da ta sa ƙawar ba ta ƙara tambayar komai ba.

Sai da ta ratsa ta tsakanin tukwanen gas da kwalayen tumatirin gwangwani kafin ta kai ofishin Manaja. Mace ce kakkaura, da ragar gashi a ka da tarin makullai a ƙugu, tana faɗa da wani mai kawo ƙwai a waya. Da ta gama ta nuna wa Yaya wani bokitin mai da aka kifa, ta ce ta zauna.

Yaya ba ta zauna ba. Ta zayyana komai daga farko, sannan ta kawo shawarwarinta. A riƙa buɗe ƙofa da wuri.

"Ma'aikatana daga nesa suke zuwa, 'yar'uwa. Su ma bas suke jira."

To a ƙunsa masa abincinsa ya tafi da shi.

"Mai Zinariya ba ya fita da abinci. Shiga ba iyaka ce fa. In na bari ana fita da shi, yaro ɗaya zai ciyar da bene guda."

Abin haushin shi ne maganar tana kan hanya. Yaya ta ji ta ƙara hasala. "To ni yanzu me na saya? Ku gaya min sunan abin da na saya. Kati mai kyalli? In ado nake so ai ina da shi a shago."

"Ba ni na tsara ba."

"Yau tun safe babu wanda ya tsara. Da kansa ya tsiro." Sai a lokacin ta zauna a kan bokitin, ta ɗora jakarta a cinya. "Ni dai ba inda za ni. Na bar shago na zo. In dare ya yi ku ba ni tsintsiya in taya ku shara."

Manaja ta dube ta na ɗan lokaci, ta cire ragar kanta ta sosa, ta mayar. Ta ce akwai hanya ɗaya. In shugaban sashensu ya rubuto cewa jadawalin yaron ya ci karo da lokutan abinci, za ta iya sauke shi zuwa Azurfa. Ba a mayar da kuɗi, amma bambancin za a zuba masa shi a maki, ya riƙa ci a kantin can.

Haka Yaya ta shiga bas ɗin ɗalibai, a tsaye, an matse ta tsakanin wani mai dogon allon zane da wata mai jakar goyo. Sabon matsugunin fili ne fetal, gine-gine jefi-jefi, ba inuwa. Shugaban sashe ya tafi taro. Sakatariya ta ce ta jira mataimakinsa. Cokali ya fito daga ɗakin injuna da rigar aiki duk baƙin mai, ya rame har wuyansa ya yi tsawo, ya tsaya gefe yana murza hannu. Ganinsa ya sa haushinta ya rasa inda zai sauka.

Can mataimakin ya zo, wani dattijo mai sanyin magana. Ya ji buƙatarta, ya ɗauki biro, sai ya dakata.

"Kin tabbata canjin kike so? Domin shi aikin hannun nan ai—"

"Ranka ya daɗe, don girman Allah. Tun safe nake jin bayani. Kowa bayani, kowa bayani. Sa hannu kawai nake roƙo."

Dattijon ya ɗaga kafaɗa, ya rubuta, ya buga hatimi.

Kafin bas ta dawo da su Manaja ta tashi. Yaya ta kwana a wani masauki mai famfo mai ɗiga, da safe ta kai takardar. Manaja ta karɓi katin gwal, ta miƙo mai ruwan toka.

"Sau ɗaya ake yi fa. Ba komawa."

"Ko biya na za ki yi ba zan dawo ba."

Ta isa shago ta tarar mai makaranta ya zo da kansa ya ga rigunan da aka ce saura guga ba su da hannuwa. Ta sha magana. Ita da ƙawarta suka duƙufa, ba ɗaga kai, har suka fitar da aikin. Amma ranta fes. Cokali yana turo mata hoton burodi mai nama da kwalbar lemo, tana nuna wa Mama.

Ba a rufa mako biyu ba waya ta sake ƙara.

"Yaya, ina kwana. Kin tashi lafiya? Ya gajiyar—"

"Cokali."

"An gama aikin hannu."

"Madalla. Sai me?"

"Ashe na 'yan makonni ne. Mun dawo tsohon matsuguni har ƙarshen zango. Ajinmu ma yana kallon ɗakin cin abinci, ta taga ina ganin ƙofar."

Yaya ta ajiye rigar da ke hannunta. Keken ƙawarta ma ya tsaya.

"Azurfa kuma sau biyu ne a rana in an raba," ya ci gaba, murya ƙasa-ƙasa. "Ni kuma kin san..."

"Makin da aka zuba maka fa?"

"Ai waɗanda suka riƙa gutsura min lokacin da ba ni da shi, da na samu sai na ga bai kamata in ci ni kaɗai ba. Mu shida ne."

"Jadawalin nan naku, shafi nawa ne?"

"Biyu."

"Ka karanta na biyun?"

Ya ce bai duba ba. Ta tuna dattijon nan da bironsa a sama, da maganar da ta katse masa. Ta kashe wayar, ta jefa ta cikin kwandon ƙyallaye. Ƙawarta ta kifa kai a kan keke, kafaɗunta suna rawa.

"In dariya za ki yi, ki yi ta a fili."

Ta kuwa yi, har da hawaye.

Da ta huce ta tono wayar ta kira shi. Ta ce ya buɗe kunne da kyau. Ita ta gama. Ba za ta turo ko sisi ba, ba za ta sake hawa matakalar kowa ba. Mutane nawa ne a duniya suke rayuwa da ci biyu a rana? In yana ganin an zalunce shi, ya san hanyar bayan kicin, ƙafarsa ba ciwo take ba.

Ya je. Manaja ta nuna masa ƙofa da ludayi. Daga nan kiran ya ɗauke. In an kira shi sai ya ce lafiya lau, yana karatu, zai kira anjima. Mama ta sa Yaya a gaba, safe da yamma: yaron nan shirun yunwa yake yi, ita ta haife shi ta san shi. Yaya ta ce ko a jikinta. Amma a makon nan sau biyu tana haɗa hannun riga a baibai. Ƙarshe ta ce za ta je garin jami'ar ta sayo zare, wanda kowa ya san akwai shi a bayan shagonta.

Ta isa da hantsi. Ba ya ɗaki. Abokin ɗakinsa ya ce ta duba ofis.

"Wane ofis kuma?" ta tambaya.

"Haka muke ce wa teburinsu. Yana cikin ɗakin cin abinci, ta wajen taga."

Ta gilashin ƙofar ta hango shi. Ɗakin kusan ba kowa, an kwashe kayan karin kumallo, ma'aikata suna jera manyan tukwanen rana. A dogon teburin ƙarshe matasa ne zaune, maza da mata, littattafai a baje, Cokali a tsakiya yana nuna wa wata wani abu da fensir. Kumatunsa sun dawo. Da ya gan ta ya taso da gudu, ya tsaya daga cikin ƙofar, bai tsallako ba.

"Fito mana mu gaisa."

"In na fito shigata ta mutu, Yaya."

Daga nan inda yake tsaye ya yi mata bayani. Ita na'urar, shiga take ƙirgawa, ba faranti ba. In ya fito lakcar safe sai ya shiga dab da za a kwashe karin kumallo, ya ci, ya zauna da littafinsa har a fito da na rana, ya sake ci. Shiga ɗaya, ci biyu. Ta biyun ya ajiye ta sai dare. Ranar da lakca ta faɗo a tsakani, sai haƙuri. 'Yan Azurfa suka gani suka biyo shi. Tunda ba abin yi a wurin sai karatu, gwajin lissafin da aka yi musu shi ya zo na uku.

Sai ga Manaja ta fito daga kicin da makullanta. Tana ganin Yaya ta ja birki.

"Ba canji na zo ba," Yaya ta yi saurin cewa.

"Alhamdu lillahi. Ƙaninki ya mayar min da ɗaki laburare. Na duba dokokin kaf, ban ga inda aka hana zama ba. Na dai ce in za su zauna, su riƙa kwashe tirensu suna goge tebur." Ta wuce tana girgiza kai.

Cokali ya gyara tsayuwa. Ya ce game da zango mai zuwa, ya riga ya tambayi 'yan aji biyu, ya kuma je sashe ya ga jadawalin har ƙarshensa. In aka ɗauki Azurfa aka ƙara maki kaɗan a watan da za su koma—

"Tsaya nan. Kada ka yi min bayani. Ka zaɓa, ka gaya min nawa ne, shi ke nan. In na sake jin kalmar maki a bakin wani, sai na kwanta asibiti."

Ƙamshin soyayyar kaza ya taso daga ciki. Sai a lokacin ta tuna ko ruwa ba ta sha ba tun da ta baro gida. Ta tambayi matar da ke zaune gefen na'ura yadda baƙo yake shiga. Matar ta ce ko ya biya a taga, ko ɗalibi ya sa masa katinsa.

Yaya ta dubi tagar gilashin nan ta ƙarƙashin matakala. Ta dubi ƙaninta.

"Yaya," ya ce a hankali, "in na sa miki, ta darena ta tafi fa."

"Sa."

Ya sa. Na'ura ta nuna kore. Ta ɗauki tire ta shiga layi, aka zuba mata shinkafa da miya da cinyar kaza. Abokansa suka matsa mata wuri suna gaishe ta, ta amsa da ka. Ta ci loma ɗaya, ta ci ta biyu. Gishiri ya ɗan yi kaɗan, amma ba laifi. Cokali ya zauna a gabanta da nasa farantin, yana kallonta kamar mai jiran hukunci.

"Ya kika ji shi?"

Ta miƙa hannu ta ɗauke kazar da ke farantinsa ta ɗora a nata.

"Tashi ka ɗebo min ruwa," ta ce. "Mai sanyi."